Jawabi kan reshon gaz: a kula da dare



Ƴan'uwa na Ƙonni, da Malbaza, da Illela, yau kan reshon gaz za mu yi magana, wato ƙaramar tukunyar nan mai kilo 6 wadda ake ɗora murhu a bisa kanta. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a shekara ta 2011, gaz ya yawaita a ƙasarmu. Yana rage sarar itace, kuma ba ya cika ma mata ido da hayaƙi. Mai kwana a garkar albasa yana iya ɗaukar shi ya dafa shayi da abinci.

To, amma gaz yana da hali, kuma da dare ya fi yin ɓarna.

Kun tuna a watan Ogusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu, sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Ko ba wannan ba, ana ɗauke wuta. Tashar hasken rana ta Malbaza ma, wadda aka buɗe a 2018, da rana take aiki. In duhu ya rufe, me mutum ke fara nema? Ashana. Nan hatsarin yake.

Gaz ya fi iska nauyi. In ya zurara daga tukunya, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, daidai inda yara ke barci bisa tabarma. Ido ba ya ganin shi. Shi ya sa ake zuba masa wari da gangan, don hanci ya ba da labari.

Saboda haka in kun ji warin gaz cikin duhu, kada a ƙyasta ashana, kada a kunna fitilar kalanzir ko taba. Kada ma a taɓa makunnin lantarki, don yana iya yin tartsatsi. A fitar da yara tukuna. A rufe bakin tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a kai tukunyar fili nesa da wuta.

Da safe a dama sabulu da ruwa a shafa wurin da murhu ya haɗu da tukunya. In kumfa na tashi, gaz na fita. Sau da yawa ƴar robar da ke ciki ce ta lalace. A kai wa mai sayarwa ya canza, kada a ɗaure da tsumma ko leda. Masu gwada yoyo da ashana, don Allah su bari.

Ku masu kai ta gona, bisa babur ko amalanke, a tsaye ake ɗaukar ta, a ɗaure ta da kyau. A ajiye ta a inuwa. Kada a yi girki cikin bukkar kara ko kusa da kwalaben fetur. Uwargida kuma, kafin ki kwanta, ki duba da hannunki ko an rufe bakin tukunya, kada ki bar wa yaro wannan aiki.