Gigin Tsufa: Gida Ya Fi Gadon Asibiti

'Yan'uwa talakawan Kankiya da Kusada, ku saurara! Tsohon da gigin tsufa ya kama, in an kwantar da shi asibiti cikin baƙin fuskoki, ruɗewarsa ƙaruwa take yi, mu kuma jinya ta hana mu kasuwa. Abin da ke kai shi can sananne ne: faɗuwa, ƙishirwa, ciwon fitsari, ciwon huhu. Mu ba shi ruwa ko bai roƙa ba, mu kunna masa fitila da dare. A 1954 Likita Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu. Mu ma muna neman malamin asibiti ya riƙa zagayo gidajenmu, tun ciwo bai yi tsanani ba.