Kuɗin Fito da Ɗan Kasuwar da Ba Ya Iya Cika Kwantena

 

Shugaban wannan zama, malamanmu, iyayenmu da yayyenmu ma'aikata mazauna Riyad, 'yan uwa ɗalibai.

An nemi mu yi magana a kan harajin shigo da kaya da yadda yake taɓa ƙananan 'yan kasuwa a gida. Da wuya a sami wani a wannan ɗaki wanda ba shi da ɗan uwa a Kantin Kwari, ko Singa, ko Ƙofar Wambai, ko babbar kasuwar Maraɗi, kuma wasunmu da ribar waɗannan rumfuna aka biya mana kuɗin jirgin zuwa nan. Saboda haka ba baƙon zance muka kawo ba.

Kalmar da 'yan kasuwa suke amfani da ita, wato kuɗin fito, ta girmi hukumar kwastam. Fatake masu bin hanyar Gwanja suna biyan fito a mashigin kogi da ƙasar kowane sarki, madugu ne kuma yake cinikin abin da ayari zai bayar. Falke ya san abin da ke gabansa tun kafin ya ɗaura wa jaki kaya. Wannan sani shi ne abin da ɗan kasuwar yau ya rasa, kuma a ganinmu rashinsa ya fi tsadar harajin kanta ciwo.

A takarda tsarin a bayyane yake. Tun shekarar 2015 Najeriya take bin jadawalin haraji na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS mai hawa biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin 100. A kan wannan gwamnati tana ɗora ƙarin haraji ga wasu kayayyaki, sai harajin VAT na kashi 7.5, sai wasu ƙananan kuɗaɗe. Amma ana ƙiyasta darajar kaya da dala ne, a biya da naira, bisa farashin canjin da aka ba kwastam. A farkon watan Yunin 2023 wannan farashi yana wajen naira 422 a kan dala ɗaya. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ya haura 770 a watan Yuli, ya kai wajen 950 a Disamba, ya wuce 1,350 a farkon Fabrairun 2024.

Mu buga misali. Mutum ya sayo yadi na dala 10,000, harajinsa kashi 20, wato dala 2,000. A tsohon farashi zai biya naira 844,000. Bayan wata takwas, kaya iri ɗaya, doka iri ɗaya, abin da zai biya ya wuce naira miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. Ba a ƙara ko ɗigo a jadawalin haraji ba, ba a kai maganar gaban majalisa ba, amma fito ya ninka sau uku. Jirgin ruwa daga Sin zuwa Legas kuwa yana ɗaukar makonni, don haka mutum yakan yi lissafi da wani farashi ranar da ya yi oda, ya tarar da wani ranar da kaya suka sauka. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni a riƙa amfani da farashin ranar da aka buɗe takardar neman shigo da kayan.

Wa ya fi jin wannan a jikinsa? Babban kamfani yana da banki a bayansa, yana da lauya da akanta, yana da sito cike da kayan wata shida da zai sayar a sabon farashi. Ɗan kasuwar da muke magana a kansa ba ya iya cika kwantena shi kaɗai. Shi da mutum goma ko ashirin suke haɗa kaya a hannun ejan ɗaya, madugun wannan zamani, wanda yake yanka musu kuɗi a kan kowace dila ko kowane kilo. Ba ya ganin takardar kwastam, ba ya sanin nawa ne haraji nawa ne ladan ejan, nawa ne kuma aka bari a shingayen hanya tsakanin Apapa da Kano. Idan kaya suka kwana a tasha saboda kuɗin fito bai cika ba, kuɗin ajiya yana hawa kullum, jarinsa kuma yana kwance. Wanda jarinsa duka yake cikin dila huɗu ba shi da ƙarfin jira.

Sannan kada mu ɗauka mai shigo da kaya ne kaɗai abin ya shafa. Farar shaddar da marina suke rinawa, zare da allura da keken tela, gam da roba na masu takalma a Ƙofar Wambai, gilashin waya da batir na masu gyara a Farm Centre, yawancinsu daga waje suke zuwa. Abin da jadawali ya kira kayan da aka gama sarrafawa, a wurin tela shi ne ɗanyen kayan aiki. Harajin da aka ce an sa don kare masana'antar gida yakan sauka a kan ƙaramar masana'antar gida da ke aiki a zaure.

Gaskiya ce a faɗa, masu goyon bayan kariya suna da hujja. Tsadar fiton shinkafa, da hana masu shigo da ita dala daga Babban Banki daga Yunin 2015 zuwa Oktoban 2023, sun taimaka an kafa injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa, manoma kuma sun ga kuɗi. Amma a duba masaƙa. An shafe shekaru ana haramta shigo da yadi, ana buɗewa, ana sake tsanantawa, duk da haka babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, na Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma yawancinsu sun zama kango. Haraji ba ya kawo wutar lantarki, ba ya noma auduga. Abin da ya haifar shi ne hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya, wadda kowa ya san abin da yake bi ta cikinta da dare. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, kuma a tsakanin nan mai kai tumatir da barkono da buhun gero biyu ne ya zauna a gida, shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne rangwame. A watan Yulin 2024, da yunwa ta tsananta, gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da ƙa'idojin suka fito, sai aka ga dole kamfani ya shekara biyar yana aiki, mai son shigo da shinkafa kuma ya mallaki injin da yake cashe aƙalla tan 100 a rana. A gaya mana, mutum nawa ne a kasuwar Dawanau suka cika wannan sharaɗi? Haraji na kowa ne, rangwame kuwa na wanda ya riga ya girma. A 2025 kuma muka ga rawar da aka yi da sabon kuɗin kashi 4 cikin 100 na darajar kaya: an ɗora shi a Fabrairu, an dakatar bayan 'yan kwanaki, ya dawo a Agusta, Ministan Kuɗi Wale Edun ya sake dakatar da shi a Satumba. Da wane lissafi mai rumfa zai yi odar kayan sallah?

Mu da muke zaune a nan mun ga wani salo. Saudiyya ma tana ƙara haraji. A watan Yunin 2020 ta ɗaga fito a kan ɗaruruwan kayayyaki daga kashi 5 da aka saba, ranar 1 ga Yuli kuma VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Masu shaguna a Batha sun ji jiki, mu ma masu sayen shinkafa da kaza da kuɗin tallafin karatu mun ji. Bambancin shi ne riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 shekaru da dama, don haka kashi 15 na yau shi ne kashi 15 na wata mai zuwa. Kwantena tana sauka a Dammam, jirgin ƙasa ya kawo ta tashar tsandauri ta Riyad, a yi mata fito a nan. Ba muna cewa a kwafo Saudiyya ba ne, ƙasa mai arzikin mai da jama'ar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na tamu ba. Amma Kano ma tana da tashar tsandauri ta Dala, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, kuma amfaninta ga ɗan Kwari ya rataya ne a kan jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci daga teku. Sabon layin dogo daga Legas a Ibadan ya tsaya.

'Yan uwanmu na Nijar da ke cikin wannan zama suna da nasu ƙarin nauyin. Bayan ficewar ƙasarsu daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙawancen ƙasashen Sahel ya sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje, har da na maƙwabta. Adadin kaɗan ne, amma wata sabuwar takarda ce tsakanin Katsina da Maraɗi, garuruwan da aure da ciniki suka haɗa tun kafin a ja iyaka.

Abin da muke roƙon wannan ƙungiya shi ne ta rubuta wa 'yan majalisarmu na tarayya, musamman waɗanda suke cikin kwamitocin kwastam, ta nemi doka ta tilasta ba da sanarwar wata uku kafin kowane sauyin fito ya fara aiki, kuma a riƙa wallafa sunan duk kamfanin da aka yi wa rangwame da adadin abin da aka yafe masa. Masu karatun tattalin arziki da shari'a a cikinmu kuma, da yawanmu muna neman batun kundin digiri. Idan an koma hutu, a shiga Kwari da littafi da biro, a bi dila ɗaya daga Guangzhou har rumfa, a rubuta kowace naira da aka biya da wanda ya karɓa. Mun shirya mu haɗa takardar tambayoyin tare da duk mai sha'awa bayan sallar Isha'i.