Rumbu Da Katanga: Jawabin Dattawan Masallaci Ga Jama'a

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana zagayowar wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Muna gaisuwa ga Liman da na'ibansa, da Sarkin Zango da sauran sarakunan ƙabilu, da malamai da alhazai, da iyayenmu mata, da baƙinmu waɗanda suka taso daga nesa. Allah ya jiƙan waɗanda suka ɗauki yashi da tubali a ka har masallacin nan ya tsaya.

Labarin ginin an riga an rubuta shi a farkon wannan littafi, ba sai mun maimaita ba. Abin da dattawa suka umarce mu mu faɗa a madadinsu wata magana ce dabam, wadda ta daɗe tana damunmu, watau nauyin da jama'armu suka ɗora wa kansu don gudun kada a ce sun gaza.

Sa'ad da Alhaji Seidu Kardo da mutanensa suka sauka nan Madina a shekarar 1959, wurin nan daji ne, Ankara kuwa tana can nesa. Iyayenmu da suka biyo baya, ko da ya ke waɗansunsu sun ɗan zauna a Nima ko Sabon Zango tukuna, galibinsu tashin ƙauye ne. Akwai na wajen Salaga da Yandi, akwai na Bauku da Wa, akwai na ƙasar Moshi da Zabarma da Kotokoli, akwai jikokin fataken goro waɗanda kakanninsu suka biyo ayari daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja. A ƙidayar 1960 mutanen Gana duka miliyan 6.7 ne, kuma ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai ba masu zama cikin birane. A ƙidayar 2021 an sami miliyan 30.8, fiye da rabinsu mazauna birni. Watau ke nan cikin tsawon ran mutum guda ƙasa ta juye, mu kuwa muna tsakiyarta.

To, mene ne iyayen nan namu suka sani a ƙauye wanda ya ɓace mana? Sau da yawa a kan ce wai mutanen ƙauye sun fi mu tsoron Allah. Mu dai ba mu ce haka ba, don zuciya Allah kaɗai ya san ta. Abin da muka tabbata shi ne, a ƙauye dukiya a fili ta ke. Rumbun mutum yana tsaye a tsakar gida, kowa ya ga damin da aka shigar a kaka. Gonar doyarsa tana bakin hanya. Awakinsa da zabinsa yaran maƙwabta sun san lissafinsu fiye da shi. Saboda haka in ya ɗinka babbar riga ranar salla, ba wanda zai ruɗu ya ɗauke shi attajiri, shi ma ba zai wahalar da kansa ya gwada ba. Ƙarya ba ta da wurin ɓuya, sai mutane suka huta da ita. Har wa yau kuma, da ya ke kowa ya san abin da ke rumbun kowa, in damina ta yi tsakiya hatsin wani ya ƙare, ba sai ya buɗe baki ya roƙa ba. Matar maƙwabcinsa ta lura kwana biyu ba ta ji ƙarar turmi a gidan ba, da magariba sai ga yarinya da ƙwarya a rufe. Ba a ce kome ba, ba a kuwa tozarta kowa ba.

Kada wani ya ce dattawa sun tashi yabon ƙauye don sun manta da wuyarsa. Ba mu manta ba. A Arewa damina ɗaya ce a shekara, in ta ƙi, shi ke nan. In ta yi yawa kuma, aka buɗe dam ɗin Bagre a Burkina Faso, ruwa ya kwashe gonakin bakin kogi. Mace mai naƙuda a kan ɗora ta a babur a yi tafiyar mil da yawa kafin a ga asibiti. Wanda ya ke shakka ya shiga kasuwar Madina gobe da safe ya dubi 'yan matan nan masu ɗaukar kaya, waɗanda a ke kira kayaye, ya tambaye su daga ina suka zo, da abin da ya koro su. Ba mu kiran kowa ya koma. Abin da mu ke so a lura da shi kurum, talaucin ƙauye ana ganinsa, don haka ana iya kai masa ɗauki.

Yanzu mu dubi inda 'ya'yanmu suka nufa. Allah ya buɗa wa waɗansu, ta hanyar kasuwanci, ko aikin gwamnati, ko zaman Jamus da Amurka da Ingila, suka sayi filaye a East Legon da Adenta da Oyarifa da Ashaley Botwe, suka gina gidaje masu kyau. Mun yi murna ƙwarai. Wanda ya sami halalinsa ya ji daɗinsa, addini bai hana ba, kuma kowa ya san yawancin gyaran da aka yi wa masallacin nan daga aljihunsu ya fito. Allah ya ƙara musu. Amma gidan irin waɗannan unguwanni siffarsa ɗaya ce: doguwar katanga, a bisanta waya mai lantarki, ƙofar ƙarfe, da mai gadi. Dalilin ɓarayi aka yi ta, gaskiya ne. Sai dai katangar da ta hana ɓarawo shiga ita ce ta hana maƙwabci ganin ko an ɗora tukunya. Tun da ya ke ba a ganin ciki, sai aka koma auna mutum da abin da ke waje: fentin gida, da motar da ta fito daga ƙofa, da makarantar da a ke kai yara, da zanen da uwargida ta ɗaura zuwa suna. Abin da a ke auna mutum da shi kuwa, nan zai zuba kuɗinsa, ko yana da su ko ba shi da su.

A nan ne wahalar ta ke. A bayan kowane mai hali guda akwai waɗansu da yawa da ke bin sawunsa da ƙafar aro. Mutum yana da ɗaki biyu a gidan gado a zango, ba ya biyan kowa haya, amma abokansa sun tashi, matarsa ta fara jin magana a wurin biki, sai ya kama gida can. Dokar haya ta ƙasar nan, ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba ɗaya, alhali kuwa kowa a nan ya san shekara biyu a ke nema, kuma a manyan unguwanni sau da yawa da dala a ke yanka farashi. Wanda ya shiga irin wannan yarjejeniya ya ga abin da ya faru a 2022. A farkon shekarar dala guda sidi 6 ce da 'yan kai, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura sidi 13, a watan Disamba kuwa tsadar kaya ta wuce kashi 54 cikin ɗari. Albashi bai motsa ba, ciniki ya ja baya. Ga kuɗin makarantar yara, ga man mota, don a can ba a zuwa ko'ina da ƙafa, ga mai gadi, ga ruwan tanka. Da mutumin nan zai koma ɗakinsa na zango ya cire yara ya sa su makarantar gwamnati, da ya numfasa. Amma me za a ce? Wannan tambaya, me za a ce, ta ci jarin mutane da yawa a cikin jama'ar nan, har da waɗanda ke zaune gabanmu yanzu cikin shadda mai sheƙi.

Maganar biki kuwa, iyayenmu mata, ku yi mana haƙuri, ba ku kaɗai mu ke nufi ba, don maza ke biya kuma maza ke alfahari. Dā aure a zaure a ke ɗaura shi, da goro da dabino, a dafa shinkafa da wake, a yi tuwo, a watse. Yau sai an kama babban ɗakin taro, an kira mai ɗaukar hoto da mai kiɗa, an fitar da yayi kala biyu ko uku, kowace ƙawa da 'yar'uwa tilas ta saya ko a ce ba ta ƙaunar amarya. Lefe kuwa ya zama abin nuni, ana buɗe akwati ana ɗauka da waya, kafin la'asar an gani a Hambug da Niyok. Yarinyar da ta gani ba za ta yarda nata ya kasa ba. Sakamakon haka samari masu sana'a, masu salla, sun kai shekara talatin da biyar ba su yi aure ba, 'yan mata suna zaune a gida, waɗanda suka daure suka yi kuma sun shiga ɗaki da bashin da zai kai su haihuwar fari. Mun sha zama sulhu a ɗakin Liman, kuma in aka bi diddigin rigimar, sau da yawa ba ƙiyayya a ke tararwa ba, bashin biki ne.

Bashin nan ma daga ina? Daga adashi, daga 'yan'uwa na Turai waɗanda su ma wanke-wanke da gadi su ke yi cikin sanyi, daga masu ba da rance da ruwa, abin da addini ya haramta. Waɗansu kuma, don neman ribar gaggawa da za ta riƙe wannan rayuwa, suka kai ajiyarsu inda aka yi musu alkawarin abin da hankali ba zai ɗauka ba. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance 347 a rana ɗaya. Mutanenmu nawa abin ya shafa suka haɗiye, ba su faɗa wa ko matansu ba?

Abin da ya sa muka kawo maganar nan masallaci, ba mu bar ta a majalisar shayi ba, shi ne wannan. Masallacin nan yana tara zakka da sadaka, kuma cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka ambata a Suratut Tauba akwai wanda bashi ya danne, bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana. Gwauruwar da ke zango mun san ta, maraya mun san shi, don ƙofofinsu a buɗe su ke. Amma ɗan'uwanmu da ke bayan katanga, wanda wata uku ke nan bai biya mai gadi ba, ba mu da hanyar saninsa. Ya zo Jumma'a da mota, mu kuwa mu miƙa masa takardar neman gudummawa, ya ji kunya ya rubuta abin da ba shi da shi. Sai ranar da ciwo ya kwantar da shi, ko ya rasu, masu bin bashi su zo zaman makoki tare da masu ta'aziyya, sa'an nan mu ji. Ba mu so a sake yin haka a cikinmu.

Don haka dattawa da Liman sun shawarta, daga yau ba za a ƙara kiran sunan mai ba da gudummawa da adadin kuɗinsa a lasifika ba. Wanda ya bayar za a rubuta masa rasit, a yi addu'a ga kowa baki ɗaya. Mun san za a ce abin da a ke tarawa zai ragu. Watakila ya ragu, mun yarda da haka. Duk wanda kuma ya ke so a ɗaura auren 'yarsa a nan bayan sallar azahar, da goro da dabino kawai, Liman da kansa zai tsaya, mu ma duka za mu halarta da manyan rigunanmu, don kada wani ya ce auren marasa gata ne. Muna roƙon masu hali su fara, domin in talaka ya taƙaita biki a kan ce rashi ne, in attajiri ya taƙaita sai ya zama abin koyi. Shugabannin ƙungiyoyin mata sun yi mana alkawari za su zauna a kan batun yayi, su kawo mana abin da suka yanke kafin azumi.

Saura maganar masu rufin asiri. An zaɓi dattawa biyu da hajiya guda waɗanda aka san su da riƙe baki, Liman ne kaɗai zai faɗa wa mai bukata ko su wane ne. Ba za a rubuta sunan kowa a littafin masallaci ba. Wanda nauyi ya yi wa yawa, na haya ne, ko na makaranta, ko na asibiti, ya tsaya bayan sallar asuba ya gai da Liman kamar yadda a kan yi kullum, ya ce yana da magana. Wanda ya ke nesa ya buga waya. Ku kuma da kuka san wani ɗan'uwa da ya daɗe bai zo ba, kada ku jira sai an yi sanarwa, ku je ku ƙwanƙwasa ƙofar, in mai gadi ya ce ba ya nan ku koma gobe.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya biya wa masu bashi, ya ba ƙasarmu Gana zaman lafiya. Wassalamu alaikum.