Jawabin Sakatare Kan Zargin Farauta A Gandun Daji Da Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara



Maganarmu ta yau ta shafi duk gidan da ke zaune a Shaki da Igboho da Igbeti da sauran garuruwan da ke kewaye da Gandun Dajin Tsohuwar Oyo. Gandun na Gwamnatin Tarayya ne, kuma dokar gandayen daji ta 1999 ta hana farauta a cikinsa, ta hana kiwo, ta hana shiga ba tare da izini ba. Akwai kuma dokar 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, da ta hana fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, irin su giwa da damisa. Muna kira ga mahautanmu da masu fataucin nama da fatu su nisanci kayan da ba su san asalinsu ba. Amma mu sani, kama mutum daban ne, tabbatar masa da laifi kuma daban.

Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwa, ta yadda ba za a bar wani shakku mai ma'ana ba. Don haka sai ya nuna cewa a cikin iyakar gandun aka yi abin, cewa wanda ke gaban kotu shi ne ya yi, kuma dabbar tana cikin waɗanda doka ta hana. Hanyoyinsa uku ne: shaidar wanda ya gani da idonsa, kamar mai gadin daji, ko ikirarin wanda ake tuhuma, ko alamomin da suka haɗu suka nuna shi kaɗai, kamar bindiga da tarko da ɗanyen nama a hannunsa cikin daji. Zato kawai ba ya zama hujja a kotu. Sai dai wanda ya ce yana da izini, shi zai fito da takardarsa. Saboda haka a riƙa adana rasit da lasisi.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne wajen ba da bayani a ofishin 'yan sanda. Kotu na iya ɗaure mutum da ikirarinsa kaɗai, in ta gamsu da son ransa ya yi. Sashe na 35(2) ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya ko wanda ka amince da shi. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Wannan ma dalili ne na a riƙa zuwa ajin yaƙi da jahilci. In a ranar da ake magana kana wani gari, faɗa wa 'yan sanda tun farko, da wurin da sunayen waɗanda kuke tare, don su bincika. In duka ne ya sa ka amsa, sai a sanar da kotu a daidai lokacin da aka miƙa takardar, domin sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar ikirarin tilas.

A gaban majistare kana da haƙƙin tafinta kyauta, bisa sashe na 36(6). Ka nema da bakinka, a rubuta. Kuma kada ka amsa laifin da ba ka yi ba don a ci ka tara ka koma gida da wuri. Wanda ya amsa ya ƙuntata wa kansa hanyar ɗaukaka ƙara, sunansa kuma ya shiga littafin masu laifi.

In hukunci bai yi daidai ba, Babbar Kotun Jiha ake zuwa. A yawancin jihohi kwana 30 ne wa'adin shigar da takardar ɗaukaka ƙara, ana kuma shigar da ita a wurin rajistaran kotun da ta yi hukuncin. Sashe na 36(7) ya ba ka damar samun kwafin hukuncin cikin kwana 7 da ƙare shari'a. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi, kuma ba dole ne a ba shi ba. Shigar da takardar ba ta buɗe ƙofar kurkuku. Beli sai an nema daban.

A lura, Babbar Kotu ba ta cika sake kiran shaidu ba. Abin da aka rubuta a ƙasa take dubawa. Tunda majistare ne ya ga shaidu da idonsa ya ji su, ba ta saurin rushe abin da ya gaskata. Takan sa baki ne in babu shaidar da ta goyi bayan hukuncin, ko an ƙi duba kariyar wanda ake tuhuma, ko an hana shi tafinta, ko an yi kuskuren doka. Shi ya sa duk ƙorafin da ba a yi a gaban majistare ba yake da wuyar tasiri a sama. Bayan Babbar Kotu akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Kotun Ƙoli.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta ƙasa, aikinta kyauta ne ga marasa ƙarfi. Muna roƙon iyaye mata musamman, da zarar an kama wani a gida, a sanar da mai unguwa ko sakatariya a ranar, kada a tsaya ɓoyewa don kunya har kwana 30 su wuce.

Allah Ya kare mu da zuri'armu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.