Kafin Ka Kai Ƙanenka Ƙungiyar Addini



Maganar da na zo da ita yau ta cikin gida ce. Yawancinmu, ɗalibai da sababbin ma'aikata, mu ne 'yan bokon gidajenmu, saboda haka idan za a sa yaro a wata ƙungiyar matasa ta addini, shawararmu iyaye ke nema, wani lokaci ma mukan yanke ba da saninsu ba.

Ƙungiyoyin nan ba baƙi ba ne a ƙasarmu. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi a Ikko a 1954, ta Ɗalibai Kirista kuwa a Gindiri a 1957. Fitiyanul Islam ta 'yan ɗariƙa tana da 'yan agajinta, haka ma Izala wadda aka kafa a Jos a 1978. Ba mai musun amfaninsu wajen koyar da karatu da ladabi da taimakon jama'a. Amma kowace da aƙidarta, kuma rigar agaji ba ta nuna abin da ake zuba wa yaro a kunne.

Ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa kai ƙanena mai shekara 14 wani zangon karatu na mako biyu lokacin hutu, ban bincika ba, ban kuma shawarci Baba ba. Mahaifinmu Batijjane ne, ba ya fashin wazifa. Yaro ya dawo ya ƙi bin sa salla, ya daina durƙusa masa wajen gaisuwa. Baba bai dake shi ba, ni ya kira ya ce, "Na ba ka amanar yaro, ka dawo mini da alƙali." Sai da aka kusa shekara kafin gidanmu ya koma daidai.

Kada a ɗauka ɓangare guda nake zargi. Uban da ke Izala haka zai ji in aka ɗora wa ɗansa wuridi a ɓoye, haka kuma Ɗan Katolikan da aka koya wa 'yarsa cewa ibadarsa ba karɓaɓɓiya ba ce.

Don haka ga tambayoyi uku da ya kamata mu yi kafin mu rubuta sunan yaro. Na farko, wane ne malamin, a hannun wa ya yi karatu, kuma waɗanne littattafai yake koyarwa? Gidan da ya tashi da Ahalari da Ishmawi da Risala ya cancanci a gaya masa in za a canja wa ɗansa hanya. Na biyu, me suke faɗi game da wanda ya saɓa musu? Wanda ke cewa "mun bambanta" daban yake da mai cewa "sun halaka". Na uku, ƙofarsu a buɗe take ga iyaye? Duk ƙungiyar da ta ce wa yaro ya ɓoye darasinsa a gida, a guje ta. Mu tuna rikicin Maitatsine a Kano a Disamban 1980, inda mutum fiye da 4,000 suka mutu. Da yawa daga mabiyansa samari ne da suka baro ƙauyukansu, nesa da idon iyaye.

Wani zai ce gaskiya ba gado ba ce, yaro na da ikon neman tasa fahimtar. Haka ne, in ya mallaki hankalinsa ya yi karatu ya zaɓa. Amma ɗan shekara 14 ba zaɓe yake yi ba, zaɓar masa ake yi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to, ashe wajibi ne mai iccen ya san hannun da zai tanƙwara masa.

Roƙona shi ne, kafin hutu mai zuwa, duk mai niyyar kai ƙane ko ƙanwa wata ƙungiya, ya je da ƙafarsa ya zauna darasi ɗaya, sa'an nan ya koma ya gaya wa iyaye abin da ya ji, ya bar musu hukunci.

Allah ya shirya mana zuriya.