Jawabi Kan Wuta Da Hayaƙi A Gidajen Bene

 

An ɗora mini in ce wani abu a kan wuta da hayaƙi a gidajen bene. Da yawa daga cikinmu nan Ikko muna haya a benayen Festac da waɗanda Gwamna Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983. Kun san halin da ake ciki: da an ɗauke wuta sai kowa ya ja janaretansa, gida ɗaya inji biyar ko shida suna ruri.

To jama'a, lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da iskar kabon fiye da kilo 2, ita ce ke taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi. Cikin hayaƙin nan kuma akwai wata iska mai guba, ba wari ba launi, tana kashe mutum yana barci. A bene hayaƙin na ƙasa matakala yake bi ya shiga ɗakin na sama. Don Allah kada a ƙara kunna janareta a matakala ko baranda ko kicin. Wannan haƙƙin maƙwabci ne, kuma za a tambaye mu.

Sai batun aljihu. An janye tallafin mai a watan Mayun 2023, a Afrilun 2024 kuma aka kai yunit ɗaya na wuta naira 225 ga masu layin Band A. Magani shi ne a rage ci. Tsohon ƙwai mai wat 60, in ya yi awa 10 kullum, yunit 18 yake sha a wata. Ƙwan LED mai wat 9 haske ɗaya suke bayarwa, amma bai cika yunit 3 ba. Ku lissafa ƙwayayen gidanku. Masu zama a hawa na ƙarshe, su suka fi shan zafi, to a roƙi mai gida a shafa wa rufi farin fenti. A sauke labule da rana, da yamma a buɗe tagogi biyu masu kallon juna iska ta ratsa, fanka ma ta wadatar.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawarata, kowane bene ya zaɓi mutum biyu amintattu, a riƙa cika tankin ruwa tun akwai wuta, a gyara famfon da ke yoyo, a yi karo-karo a sa wa matakala fitilar sola. Duk injin da aka kashe, an rage hayaƙi, an rage kashe kuɗi, yara sun yi barci.

Mu baƙi ne a garin nan, a san mu da kyakkyawan zama. Allah Ya ba mu ikon aikatawa, Ya bar mu da zumunci.