Jawabi A Kan Namun Dajinmu Masu Cin Ciyawa



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar namun daji masu cin ciyawa, watau irin su gwanki, da kanki, da mariya, da barewa, da ɓauna. Dattawa da yawa daga cikinmu sun taso suna ganin waɗannan dabbobi a bayan gari. Yau kuwa akwai samari da suka yi aure, har suka haifu, ba su taɓa ganin gwanki ba sai a hoto. Ya kamata mu san dalilin haka, mu kuma san abin da ya rage a hannunmu.

Bari mu fara da halittarsu. Dukansu masu tuƙa ne kamar shanu da awaki. Cikinsu ɗaki huɗu ne, suna haɗiye ciyawa da gaggawa a fili, kana su koma inuwa su dawo da ita baki su tauna a natse. Amma kowace da irin wurin da ta fi so. Gwanki babba ne, namiji yakan kusa kilo 300, yana da dogayen kunnuwa da zanen baƙi da fari a fuska, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya. Yana son doguwar ciyawa, ba ya kuma nisa da ruwa. Kanki mai doguwar fuska ne, kafaɗarsa ta fi ƙugunsa tsawo, yana iya cin busasshiyar ciyawar da wasu ke ƙi, sau da yawa kuma ɗaya yakan hau suri ya yi wa sauran gadi. Mariya 'yar fadama ce, namiji kaɗai ke da ƙaho. Barewa kuwa ta fi son ƙasar arewa mai ƙarancin ruwa. Ɓauna tana tafiya garke guda, ba ta jure ƙishirwa.

To, ga inda rauninsu yake. Macen gwanki takan yi wata tara da ciki, ta haifi ɗa guda, ta ɓoye shi cikin ciyawa har 'yan makonni kafin ya bi garke. Ɓauna takan yi wata goma sha ɗaya, galibi kuma sai bayan shekara biyu take sake haihuwa. Saboda haka maharbin da ya kashe mace mai ciki ya kashe rai biyu, ya kuma yanke 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Gobarar da aka sa wa daji kuwa ba ta tambayar ɗan da ke kwance cikin ciyawa. Da rani, sa'ad da ruwa ya janye, dabbobin nan sukan taru a 'yan tafkuna da bakin kogi. A nan ne mai fitilar goshi da mai tarkon waya ke samunsu a sauƙaƙe, a nan ne kuma gonakin rani da garkunan shanu ke ƙwace musu wuri.

Ƙungiyar duniya mai lura da halin da halittu ke ciki ta sa barewarmu mai jan goshi cikin dabbobin da ke fuskantar haɗari. A 2019 ta sa ɓauna cikin waɗanda suka kusa shiga wannan sahu. Gwanki yana da sauran yawa a wasu ƙasashen Afirka, amma a nan Nijeriya ya ragu ƙwarai, har ba a cika samunsa ba sai a gandun daji.

Hukuma ta daɗe da ɗaukar mataki. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kogin Gaji ne kuma ke shayar da dabbobinsa da rani. Ya zama gandun ƙasa a 1991, aka mayar da shi hannun Jihar Bauci a 2006. Akwai gandun Tafkin Kainji wanda ya haɗa dazukan Borgu da Zugurma, akwai kuma Gashaka-Gumti a Jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Nijeriya. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa doka mai lamba 11 don hana farauta da fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka kuma tsananta hukuncinta a 2016.

Kada wani ya ce aikin banza ne. Mu dubi maƙwabtanmu. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, ko da yake shi ganye yake ci, ya ƙare ƙaf a Nijeriya. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage, duka a yankin Kure kusa da Yamai. Da hukumar Nijar da mutanen ƙauyukan suka haɗa kai suka hana kashe shi, yawansa ya wuce 600. Haka mariri, farar dabbar nan mai ƙahoni kamar takobi: a shekara ta 2000 aka ba da sanarwar babu sauransa a daji ko'ina cikin duniya. A 2016 aka soma sakin waɗanda aka kiwata a wani gandu na ƙasar Cadi, suka hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Sai dai wannan aiki ya ci dukiya mai yawa da shekaru. Tsare abin da ke hannu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Saboda haka muna roƙon maharba su bar farautar dare da tarkon waya, su ƙyale mace da ɗanta. Manoma su daina sa wa daji wuta don neman gafiya ko zomo. Makiyaya su kiyaye iyakar gandun daji. Sarakuna, da hakimai, da dagatai, da sarakunan baka su ja kunnen jama'arsu, wanda ya ga ana ɓarna kuma ya sanar da ma'aikatan gandun daji mafi kusa. Malaman makaranta su koya wa yara sunayen dabbobin nan da harshensu, in da hali su kai su Yankari su gani da idonsu.

Mun iske waɗannan dabbobi a ƙasarmu domin na gabanmu sun bar mana su. Wajibi ne mu ma mu bar wa na bayanmu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.